Kamfani Ɗaya, Kama Daban: Abin da Ke Sa Tayoyin Gaba Su Bambanta da Na Baya

Gardama ce da ba ta ƙarewa a bakin shagunan taya da rumfunan masu faci a Maradi. Mutum ya sayi taya huɗu, ko ya sayi biyu ya haɗa da biyun da ke jikin motarsa, duk da sunan kamfani ɗaya. Bayan an ɗaura, ko bayan wata biyar zuwa shida, sai ya tsaya daga nesa ya lura na gaba sun fi kwanciya, launinsu ya dushe, zanen na baya kuma wani iri ne daban. Sai ya koma shago: "Alhaji, ka cakuɗa mini da jabu." Mai shago ya ce: "Haba Malam, karanta sunan mana, ai duk ɗaya ne." Sau da yawa dukansu biyu kan suna kawai suka tsaya, alhali sunan kamfani shi ne mafi ƙarancin bayani cikin duk abin da aka rubuta a gefen taya.

Dalilan bambancin sun kasu uku. Wani daga masana'anta ya taho, wani motar ce ke jawo shi a kan hanya, wani kuma alamar ciwo ne a jikin motar ko alamar ha'inci a ciniki. Na ukun ne kaɗai ya cancanci a tayar da hankali a kansa.

Sunan kamfani kamar sunan gida ne

Kowane babban kamfani yana da tayoyi iri-iri a ƙarƙashin sunansa. Michelin na da Energy da Primacy da Alpin. Bridgestone na da Turanza da Ecopia da Blizzak. Kowace cikinsu da zanenta, da haɗin robarta, da aikin da aka yi ta dominsa. Idan na gaba Primacy ce ta baya kuma Energy, 'yan gida ɗaya ne, amma ba tagwaye ba ne.

Wannan ya fi cizo a tayoyin gwanjo da ake kawowa daga Turai. A Jamus doka ta tilasta sa tayar sanyi idan akwai ƙanƙara a hanya, don haka irin waɗannan tayoyi suna da yawa cikin kayan da ake lodowa. Alpin da Blizzak duk na sanyi ne. Ana gane su da ƙananan tsage-tsage masu yawa, masu lanƙwasa, a kan kowane ƙullin zane, da hoton tsauni mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa. Harufan M+S ma suna fitowa a jikinsu, ko da yake ana samun su a wasu tayoyin katkat, wato motoci masu ja da ƙafa huɗu, da ba na sanyi ba. A ido tayar sanyi ta fi burgewa, domin zanenta ya fi zurfi da kauri, shi ya sa mai saye ke ɗauka ya yi sa'a. Amma robarta mai laushi ce, an haɗa ta ne don yanayin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A kwaltar Maradi zuwa Tessaoua cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana cinyewa da sauri kuma birki na ɗaukar nisa kafin mota ta tsaya.

Abin da aka rubuta a gefe

A ɗauki rubutun 195/65 R15 91H, wanda ake yawan gani a ƙananan motoci. Lambar 195 faɗin tayar ce a milimita. Lambar 65 tana nufin tsayin gefen, daga bakin ƙarfe zuwa saman zane, kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127. R na nuna yadda aka jera zaren cikinta, 15 kuma girman janti ne, wato ƙarfen da ake ɗaura tayar a kai, wanda a Najeriya ake kira rim, a ma'aunin inci. Lambar 91 na nufin tayar ɗaya tana ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Da T ce a wurin, da 190 ke nan. Da V ce, 240.

Lamba ɗaya ta canza, kamannin ya canza. Taya mai 195/60 R15 tana shiga janti ɗaya da mai 195/65 R15, mai faci zai ɗaura ta ba tare da wata wahala ba, amma gefenta milimita 117 ne, kuma a tsaye ta gaza waccan da kusan santimita 2. Idan irin wannan ce a baya, motar za ta yi kamar ta ɗan zauna. Haka kuma zane ɗaya yakan fito da kwari uku a siririyar taya, ya fito da huɗu a mai faɗi, kuma tayoyi masu gajeren gefe sukan zo da wani tudu na roba a bakin janti don kare shi daga karcewa, wanda dogayen ba su da shi.

Sai lambar da ke bin harufan DOT. Farkonta na nuna masana'antar da aka yi tayar, lambobi huɗu na ƙarshe kuma ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta huɗu. Taya mai lambobi uku a ƙarshe ta girmi wannan shekara, ba ta da wurin zama a jikin mota. Cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take fitowa, don haka idan ba a gan ta a waje ba, tana ɓangaren ciki.

Batun masana'anta na da muhimmanci a yankinmu. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Legas a 2008. Duk sabuwar tayar waɗannan sunaye da ta shigo Maradi, ko ta Jibiya da Ɗan Issa ko ta tashoshin ruwa na gaɓar teku, daga nesa ta taso. Kamfani ɗaya na iya yin taya iri ɗaya a Tailan da Faransa da Sin, kowace masana'anta da mazubinta. Girman harufa na iya bambanta, ƙyallin gefe na iya bambanta, kuma duk na gaskiya ne. Harafin E da lamba a cikin da'ira, irin su E2 ko E4, ba ƙasar da aka yi tayar yake nunawa ba. Ƙasar da ta amince da ingancinta ce, E2 Faransa, E4 Holan.

Akwai kuma tayoyin da aka yi takanas don wani kamfanin mota. MO na Mercedes ne, tauraro na BMW, AO na Audi. Sunan tayar da girmanta na iya zama ɗaya da na gama-gari, amma kafaɗa da haɗin roba sun ɗan sha bamban. Ɗigon rawaya ko ja a gefen sabuwar taya, da layuka masu launi a kan zane, da 'yan gashin roba, ba su raba jabu da na gaskiya. Ɗigon rawaya wurin da tayar ta fi rashin nauyi ne, ana saita shi da bawul. Layukan kuwa alamar tantancewa ce ta cikin masana'anta, kwana kaɗan suke gogewa.

Inda mai ƙera motar ne ya so hakan

Wasu motoci masu turi da baya, musamman Mercedes da BMW, suna fitowa da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi. Misalin da aka sani shi ne 225/45 R17 a gaba da 245/40 R17 a baya. Faɗin ya bambanta da santimita 2, amma gefen ɗaya milimita 101 ne, na ɗayar 98, don haka tsayinsu ya yi kusan daidai. Jantin baya ma ya fi faɗi. Mai irin wannan mota da ya sa girma ɗaya duka huɗu don su yi kama, ya rage wa bayan motarsa riƙo.

Janti kansa na canza surar taya. Taya ɗaya a kan janti mai faɗi gefenta na miƙewa, a kan siriri kuma ta yi kumatu. Motar da aka taɓa canza wa janti ɗaya ko biyu bayan faɗawa rami za ta nuna wannan ko da tayoyin tagwaye ne.

Sai hanyar ɗaurawa. Taya mai zane kamar kan kibiya tana da alamar kibiya a gefe, kuma dole ta juya ta inda kibiyar ta nuna idan mota na tafiya gaba. Wata kuma rabin zanenta daban ne da ɗaya rabin, an rubuta "Outside" a gefen da zai kalli waje. Idan mai faci ya juya ɗaya, za a ga zanen gaba na kallon gabas na baya na kallon yamma. Gyaransa kwancewa ne a sake ɗaurawa, ba sayen sabuwa ba, amma a yi shi kafin damina, domin mai kibiyar da aka juya ba ta korar ruwa yadda ya kamata.

Aikin da ƙafafun gaba ke yi

Ko da an ɗaura tagwaye huɗu a rana ɗaya, ba za su daɗe suna kama ba. A motoci masu ja da gaba irin su Corolla da Starlet da Golf, inji da giya duk a gaba suke, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a kan ƙafafun gaba yake. Shi ya sa ƙasan tayar gaba ke yin ciki ko da iskarta daidai take. Direbobi da yawa na ganin wannan su ce a ƙara, mai faci ya dura har sai cikin ya ɓace, tayar ta koma taka ƙasa da tsakiyarta kawai. Ido ba ma'auni ba ne a nan. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma sau da yawa na gaba da na baya ba ɗaya ba ne, akwai kuma adadi na biyu don lokacin da aka cika lodi. Iskar da ta kai 2.2 a ma'aunin bar, abin da wasu ke kira kilo biyu da ɗigo biyu, daidai yake da kusan 32 a ma'aunin psi. A auna da safe, ko bayan mota ta huta awa biyu. Wanda ya taso daga Birnin Konni da rana tsaka zai ga iskar ta hau da kamar bar 0.3, zafi ne, ba a rage ta, in ta huce za ta koma.

Ƙafafun gaba su ne ke ja, su ne ke karya kwana, su ne ke ɗaukar mafi yawan birki. Kafaɗunsu na gogewa su yi zagaye, na baya kuwa su zauna da kusurwarsu kamar sababbi. Ba abin mamaki ba ne na gaba su ƙare alhali na baya suna da rabin zanensu. Tayar baya ma tana da nata tabon: da yake jan ta kawai ake yi, ƙullin zanenta kan ci ta gefe ɗaya, ya zama kamar haƙoran zarto idan aka shafa da hannu, kuma yakan kawo gurnani da ake ɗauka na boris ne.

A Hiace da Hilux lissafin ya juya da zarar an yi lodi. Motar da ke ɗaukar buhunan gero ko wake daga kasuwannin ƙauye, bayanta ne ke shan wahala. Irin waɗannan motoci suna son taya mai harafin C a ƙarshen girmanta, kamar 195 R15C mai lambar 106/104, wadda ke ɗaukar kilo 950. Gefenta ya fi kauri, ba ta kwanciya sosai. Idan aka sa mai C a baya da ta ƙaramar mota a gaba, bambancin a fili yake, kuma ta gaban ba ta kai nauyin da aka ɗora mata ba.

Launi shi ne ya fi ruɗa mutane. Ana zuba wa roba wasu sinadarai da kakin da ke kare ta daga tsagewa, kuma a hankali suna fitowa saman fata. Idan suka haɗu da iska sai su koma ruwan ƙasa. Tayar da ta yi ja-ja ba lallai ta lalace ba, kuma biyu da suka fito a shekaru daban ba za su yi launi ɗaya ba. A gaba akwai ƙarin ƙurar birki: ƙananan motoci da yawa faifai ne a gaba, ganga a baya, faifan na watsa baƙar ƙura a fili, gangar na riƙe tata a ciki. A haɗa da jar ƙurar hanyoyin burji da harmatan, da ranar da ke dukan gefe ɗaya na motar da kullum wuri ɗaya ake ajiye ta. Ruwa da sabulu da buroshi sun isa. Shafa baƙin mai ko gas don taya ta yi ƙyalli yana cin robar.

Bambancin da ba a kyalewa

Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce: gaba na iya bambanta da baya, amma dama da hagu a layi ɗaya dole su zama ɗaya a girma da zane da lambar nauyi. Dokar Faransa ta hana zurfin zanen tayoyi biyu na layi ɗaya ya bambanta da fiye da milimita 5. Dalilin shi ne idan aka taka birki da ƙarfi, wadda ta fi riƙo za ta ja motar gefenta.

Yadda zane ya ci yana faɗin ciwon. Tsakiya ta cinye gefuna na nan, iska ta yi yawa. Kafaɗu biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima. Kafaɗa ɗaya kawai, musamman ta ciki wadda ba a gani sai an karya sitiyari, saitin ƙafafu ya goce. A kai ta a yi paralelisim, amma kafin nan a duba ƙwallayen sitiyari da robobin hannun ƙafa, domin saiti ba ya zama a kan kayan da ke girgiɗi. Ramuka-ramuka kewaye da taya kamar an yi ta ɗiba da cokali, amortisa ce, wato abin da ke shanye girgizar hanya, ta mutu tayar na tsalle. Ƙullutu a gefe na nufin zaren ciki ya tsinke, yawanci daga dukan rami ko bakin kwalta, kuma ba a yi masa faci.

Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zurfin kusan milimita 8. A cikin kwarin zane akwai ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6, idan fuskar taya ta yi daidai da su, ta ƙare. Wanda ba shi da ma'auni ya soka tsinken ashana cikin kwarin, ya riƙe da farce, ya gwada a jikin rula, a wuri uku: ciki, tsakiya, waje. Waɗannan tudun ne kuma ke tona asirin tayar da aka sassaƙa. Idan an bi kwarin da wuƙa mai zafi don ya yi zurfi, tudun kan ɓace, ƙasan kwarin ya yi kaushi, layin ya karkace, wani lokaci har waya ta leƙo. Tayoyin manyan motoci da aka rubuta wa izinin haka ne kaɗai ke da ragowar robar da za a sassaƙa.

Sababbi biyu, gaba ko baya?

Mafi yawan masu mota ba sa iya sayen huɗu a tashi ɗaya, kuma a nan ra'ayi ya rabu. Direbobi da masu faci da yawa na cewa gaba. Hujjarsu ita ce sitiyari da birki da inji duk can suke, fashewar tayar gaba a kan gudu na fizge mota, kuma ta gaba ce ke fara cin karo da rami. Manyan kamfanonin taya, ciki har da Michelin, na cewa baya. Hujjarsu ita ce idan gaba ta zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya direba na ji a hannunsa, ya sassauta ƙafa motar ta dawo; idan baya ce ta zame, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ƙalilan ne ke iya tare ta.

Ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke tsoro ba. Na farko fashewa yake gudu, wadda ta fi yawa a bazara kuma tushenta tsufa da ƙarancin iska da lodi. Na biyu santsi yake gudu, wanda a nan na watannin Yuni zuwa Satumba ne, da wuraren da yashi ya hau kwalta. Shawarar kamfanonin ta ginu ne a kan cewa tsofaffin biyun da za su koma gaba lafiyarsu ƙalau, zane ne kawai ya ragu. Idan sun tsattsage ko sun yi ƙullutu, babu layin da ya dace da su.

Hanyar da ke rage wannan tambaya ita ce musanya tun da wuri, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. A mota mai ja da gaba, na gaba su koma baya a gefensu, na baya su zo gaba a gicciye. A mai turi da baya, akasin haka. Masu kibiya gaba da baya kawai suke yi a gefe ɗaya, motar da bayanta ya fi faɗi kuwa ba a kai na gabanta baya.

Shekaru da aljihu

A kan tsufa ma ba a magana da murya ɗaya. Michelin na cewa a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta yi biyar tana aiki, a cire ta idan ta cika goma daga ranar da aka yi ta. Wasu kamfanonin mota na cewa shida. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, FRSC, shekara huɗu take faɗa wa direbobi, kuma wannan ya shafi duk mai tsallakawa Katsina ko Kano, domin lambar DOT ɗin da jami'i zai karanta ita ce dai wadda ke jikin tayar. Tayar baya ce ta fi faɗawa wannan tarko: zanenta na nan da kyau, mai mota na canza na gaba sau biyu ita tana wurinta, har gefenta ya bushe ya yi ƙananan tsaga.

Ga mai sayen gwanjo, abin da ya fi sauƙi shi ne ya sa a jera masa biyun da za su zauna layi ɗaya a ƙasa kafin a ɗaura, ya gwada sunan zane, girma, lambar nauyi da shekara, sannan ya leƙa ciki ya ƙirga faci. Facin da ke gefe ko kan kafaɗa ya isa a mayar da ita. Mai katkat da ƙafafunta huɗu ke ja kullum, kamar wasu RAV4 da Subaru, shi nasa ya fi tsanani: idan tsayin na gaba da na baya ya bambanta, ƙafafun ba sa juyawa daidai, na'urar da ke raba ƙarfi tsakaninsu tana aiki ba hutu tana zafi, kuma kuɗin gyaranta ya fi na taya huɗu.